Tsoffin Jiragen Yaƙi Da Har Yau Suke Tashi: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Achika

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta tana da rassa, in muka ce za mu haɗa ta da wata to lokaci zai yi mana halinsa. Sauran waɗanda suka aiko sai su yi mana haƙuri zuwa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wasiƙar ta fito ne daga Achika, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano, kuma mai ita ya ce shi bakanike ne. Bayan gaisuwa mai yawa, ga abin da yake cewa:

"Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani yaro ya nuna mana bidiyo a waya, ga wani tsohon jirgin yaƙi mai baƙin ciki, farfela huɗu, wutsiya biyu, ƙananan jirage biyu suna take masa baya, sun ratsa ta kan fadar sarautar Ingila. Aka ce wai tun na yaƙin Hitila ne. Wasu suka ce ƙarya ce, haɗin kwamfuta ne, ƙarfe ba ya shekara tamanin yana tashi. Ni kuwa sai na tuna da marigayi kakana, wanda ya yi leburanci a filin jirgin sama na Kano a zamanin yaƙin. Yakan ce mana jiragen garke-garke suke zuwa, babba ɗaya mai inji biyu a gaba, ƙanana kamar shida a bayansa, sai ka ce kaza da 'ya'yanta, su kwana su sha mai su yi gabas. Da na faɗi haka sai aka bushe da dariya, aka ce tatsuniyar tsofaffi ce. Don Allah ku raba mana gardama. In kuwa da gaske suna tashi, ni da nake bakanike ina so in ji inda ake samo musu kayan gyara."

To Malam, mun gode, Allah kuma ya jiƙan tsoho. Bari mu fara da zancen bidiyo, domin shi ne mai sauƙi. Wannan jirgi da ka siffanta sunansa Lancaster. An ƙera irinsa guda 7,377 a zamanin yaƙin duniya na biyu, inji huɗu gare shi, mutum bakwai ne suke aiki a cikinsa, kuma shi ne babban abin da Ingila ta dogara da shi wajen kai wa Jamus farmakin dare. A yau guda biyu kacal suka rage a duniya da ake iya tayarwa. Ɗaya yana hannun rundunar mayaƙan sama ta Ingila a sansaninta na Coningsby, ɗayan kuwa yana wani gidan adana jiragen tarihi a birnin Hamilton na ƙasar Kanada. Na Ingilan shi ne akan fito da shi ranar babban buki ya gilma ta kan fadar Buckingham a Landan, kamar yadda aka yi ranar auren Yarima William a watan Afrilu na 2011. Ƙananan nan biyu da ke masa rakiya kuwa, ɗaya Spitfire ne, ɗaya Hurricane. Ka riƙe sunan nan Hurricane, za mu dawo kansa. Abokanka da suka ce haɗin kwamfuta ne ba a ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka, amma dai a wannan karon sun faɗi.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan Lancaster na Ingila bai taɓa jefa bom a kan kowa ba. A 1945 aka gama ƙera shi, kafin ya kai fagen fama an gama yaƙi. Aikin da ya yi daga baya shi ne ɗaukar hoton ƙasa daga sama domin zana taswira a gabashi da kudancin Afirka. Galibin waɗanda suka tsira haka suke, 'yan auta ne. Na farkon, sama da 3,000 sun tafi ba su dawo ba, waɗanda suka dawo kuma da aka gama yaƙi sai aka jibge su aka sayar wa 'yan gwangwan, aka narkar da su.

Yanzu sai mu zo ga maganar kakanka, wadda a wurinmu ita ce zuciyar wasiƙar. Malam, tsoho bai yi ƙarya ba, har lissafinsa ma daidai yake.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Nan take tekun Bahar Rum ya zama wurin da jiragen ruwan Ingila ba su iya ratsawa cikin kwanciyar hankali, alhali kuwa sojojinta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. In aka ce a zagaya da su ta ƙarshen kudancin Afirka, tafiyar watanni ce. Sai aka yi dabara. Aka riƙa ɗoro jiragen a cikin manyan akwatuna, gunduwa-gunduwa, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, a gwada, sannan su tashi zuwa Ikko, daga Ikko sai Kano, daga Kano sai Maiduguri, su ratsa ƙasar Cadi su shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher, su kai Khartum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. Tafiya ce ta sama da mil 3,500, takan ɗauki kimanin kwana shida. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma ka san ko jirage nawa ne? Babba ɗaya mai inji biyu, sunansa Blenheim, da ƙanana shida, Hurricane. Ka ji kazar da 'ya'yanta.

Dalilin wannan tsari kuwa shi ne, Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, matuƙi kaɗai, ba shi da mai duba masa hanya. Shi kuwa Blenheim, wanda asalinsa jirgin jefa bom ne, mutum uku yake ɗauka, ciki har da mai lissafin hanya da mai kula da rediyo. Saboda haka shi ne jagaba, sauran su bi wutsiyarsa. Kai da ka san yadda hazo yake rufe sararin Kano a lokacin hunturu, sai ka kwatanta halin matuƙin da ya ɓace wa jagabansa tsakanin Maiduguri da Sudan, ga mai yana ƙarewa, ƙasa kuma ba gari ba hanya. An yi asarar jirage da mutane a wannan tafiya. Duk da haka, zuwa 1943 jirage sama da 5,000 ne suka bi ta wannan hanya, kuma suna daga cikin abin da ya karya lagon sojojin Rommel a hamadar Masar da Libiya. Daga baya Amurkawa ma suka shigo, suna ƙetaro tekun Atlantika daga Brazil da manyan jiragensu irin su B-24, su ma suna yada zango a Kano. Duk jirgin da ya sauka kuwa sai an shayar da shi mai, an share masa fili, an yi gadinsa, an ɗauki kaya an sauke. Hannun mutane irin kakanka ne ya yi wannan, ko da yake littattafan Turawa ba su cika ambatonsu ba. Wudil kuwa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri take, don haka ba abin mamaki ba ne in mutanen yankinku sun sha ɗaga kai daga gona suna kallon wucewarsu.

To a cikin Blenheim sama da 4,000 da aka ƙera, nawa suka rage masu tashi? Ɗaya. Ɗaya tak a duk faɗin duniya, yana filin jirgin sama na Duxford kusa da birnin Cambridge a Ingila. Labarinsa kuwa na masu taurin kai ne. An ƙera irin wannan jirgi a Kanada ma, da sunan Bolingbroke, kuma bayan yaƙi sai aka sayar wa manoman can da su a kan kuɗi ƙalilan, suna cire tayoyi da wayoyi da bututu suna amfani da su a gona, gangar jikin kuma a bar ta a bayan gida ruwa da ƙanƙara suna dukanta. Irin waɗannan ne aka kwaso aka kawo Ingila. Masu aikin sa kai suka duƙufa a kan ɗaya har shekara goma sha biyu, ya tashi a watan Mayu na 1987. Bai cika wata guda sosai ba ya faɗi a wajen wani wasan nuna jirage, ya ragargaje, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Wani zai ce shi ke nan, a haƙura. Mutanen nan suka jawo wata gangar jikin suka sake sabon lale, ya tashi a 1993. Ya yi shekara goma yana yawo, sai a watan Agusta na 2003 ya sake faɗuwa wajen sauka a Duxford. Suka sake komawa kansa, wannan karon shekara goma sha ɗaya, har ya tashi a watan Nuwamba na 2014. Shi ne ma ya fito a wani fim na yaƙi mai suna Dunkirk a 2017.

Ga kuma inda bakanike zai yi dariya. Hancin da ke jikinsa yanzu, watau gaban jirgin inda matuƙi yake zama, mota ce a da. Wani ma'aikacin kamfanin da ke ƙera jiragen ne ya sayi hancin wani tsohon Blenheim bayan yaƙi, ya ɗora shi a kan ƙashin wata ƙaramar mota, ya sa mata batura, ya yi shekaru yana yawo da ita a titunan birnin Bristol. Da don bai yi wannan wasa ba, da tuni an narkar da hancin. Daga baya ya ba da shi kyauta, aka mayar da shi inda ya fito.

Kafin mu bar Kano, bari mu ɗan ratsa. Jiragen saman da suka fara sauka a birnin ma na jefa bom ne. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na mayaƙan saman Ingila suka iso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. Na katako ne da yadi, fiffike biyu sama da ƙasa. Jagoran tafiyar, Arthur Coningham, shi ne daga baya ya shugabanci rundunar saman Ingila a hamadar Masar, watau shi ya zama mai karɓar jiragen da ke bi ta hanyar da ya fara buɗewa. Irin nasu ba wanda ke tashi yau, amma wansu, DH.9, an tsinci ragowar guda biyu a bargar giwaye ta wani sarki a Bikaner ta ƙasar Indiya, gara ta ci rabonta. Aka kai su Ingila, aka gyara ɗaya don ajiya, ɗayan kuwa ya tashi a 2019, yana da shekara ɗari a duniya.

To sai tambayarka ta kayan gyara. Amsar a taƙaice ita ce ba kanti. Kamfanonin sun daina yin kayan tun kafin a haifi mahaifinka. Hanya uku ake bi. Ko a bi duniya ana farautar tsoffin kayan da suka rage a ɗakunan ajiya ba a taɓa amfani da su ba, ko a yanka wani mataccen jirgi a raya wani da shi, ko kuwa a ɗauko ainihin zanen da injiniyoyin farko suka yi a ƙera sabo da hannu. Misali, Amurka ta ƙera B-29 guda 3,970, irin wanda ya jefa bom ɗin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta na 1945. Biyu ne suke tashi, ana kiransu Fifi da Doc. Dukansu daga hamadar California aka tsamo su, a wani fili da sojan ruwa ke gwajin makamai, inda aka jera su don a riƙa auna su da harbi. Fifi an fito da shi a 1971. Doc ya shekara arba'in da biyu a rana, aka kai shi birnin Wichita inda aka ƙera shi tun farko, masu aikin sa kai suka yi shekara goma sha shida a kansa, ya tashi a watan Yuli na 2016. Shi kuwa Fifi da injinansa suka gaza a 2006, sai makanikai suka haɗa sassan inji iri biyu na dangi ɗaya suka fitar da wanda ya fi na asali ƙarko, ya koma sama a 2010. Ka ga abin da kuke yi wa tsohuwar a-kori-kura ke nan, sai dai su kowane ƙusa sai an rubuta shi a littafi, sai kuma jami'in hukuma ya duba ya sa hannu.

Akwai kuma taimakon juna. A watan Agusta na 2014 Lancaster na Kanada, wanda ya taɓa shafe shekaru fiye da goma a kafe kan turaku a garin Goderich kafin a gyara shi ya tashi a 1988, ya ƙetaro tekun Atlantika ya zo Ingila domin su yi shawagi tare da ɗan'uwansa. Ana cikin rangadin sai inji ɗaya ya buga. Aron wani aka ba shi a can, ya ƙarasa ya koma gida.

Abokanka da suka ce ƙarfe ba ya shekara tamanin yana tashi, akwai ƙamshin gaskiya a zancensu. Ƙarfe yana gajiya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasawa kana miƙewa, ai ka san ƙarshenta. Haka fiffiken jirgi yake a duk lokacin da ya tashi ya sauka. Shi ya sa ake ƙidaya wa jiragen nan awoyinsu kamar mai cin bashi, ba a tayar da su sai da dalili, da sanyi a shigar da su rumfa a warware su, lokaci-lokaci kuma a kwantar da su watanni a yi musu babban gyara. Lancaster na Ingila an sake masa ƙashin bayan fiffike ɗungurungum a tsakiyar shekarun 1990. Sai mutum ya tambaya, to jirgin da aka sake wa inji, aka sake wa fiffike, aka sake wa fata, shi ne na 1945 kuwa? Mu dai a ganinmu tambayar ɗaya ce da ta gingimarin da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Wudil ranar Juma'a: an sake mata inji, an sake mata bodi, amma mai ita bai taɓa shakkar cewa motarsa ce ba. Ga kuma ci. B-17 na Amurka, mai inji huɗu, yana shan kimanin galan 200 a awa ɗaya, kuma wani fetur ne na musamman, ba irin man da jiragen fasinja na yanzu suke sha ba.

Wani lokaci kuɗi ma ba ya yi. Akwai wani ƙaton jirgin Ingila mai suna Vulcan, na zamanin yaƙin cacar baka, wanda jama'a suka yi karo-karo aka tayar da shi a 2007. A watan Oktoba na 2015 ya yi tashinsa na ƙarshe, ba don ya lalace ba, sai don kamfanonin da ke tsaya masa sun janye, ga shi masu sanin sirrin aikinsa sun tsufa sun bar aiki. Wani lokacin kuma rai ake biya. A watan Oktoba na 2019 wani B-17 ya faɗi a jihar Connecticut ɗauke da mutum 13, bakwai suka rasu, kuma bincike ya nuna akwai sakaci wajen kula da injinansa. A watan Nuwamba na 2022 wani B-17 ya yi karo da ƙaramin jirgin yaƙi a sama a birnin Dallas, jama'a suna kallo, mutum shida suka mutu. An ƙera B-17 guda 12,731, amma masu tashi yau ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Shi ya sa can ma gardama suke yi irin taku, wasu na cewa a ajiye su a ƙasa kafin a ƙarar da su, wasu na cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce.

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da masu tafi a wajen buki sukan manta. Jiragen nan ba don ado aka yi su ba. Lancaster na cikin waɗanda suka ƙone birnin Hamburg a watan Yuli na 1943, mutum wajen 40,000 suka hallaka, da birnin Dresden a watan Fabrairu na 1945, wajen 25,000. Su ma samarin da ke cikin jiragen jefa bom na Ingila, sama da 55,000 ne suka mutu. Tsohon da ya tashi a Dresden ba zai ji ƙugin injin nan yadda ɗan Landan yake jinsa ba. Mu ma nan mun ɗanɗana. A farkon yaƙin basasa, ɓangaren Biyafara ya samo wani B-26, samfurin yaƙin duniya na biyu, wanda sojan Faransa suka gama yayinsa, wani tsohon matuƙin yaƙi ɗan ƙasar Poland mai suna Jan Zumbach ya kawo musu. Ya kai hari Makurɗi a watan Yuli na 1967, a watan Agusta kuma aka kawo farmaki filin jirgin sama na Kano, filin nan dai da kakanka ya yi aiki. Da Inugu ta faɗi a watan Oktoba sai aka tarar da shi yashe a can. 'Yan'uwansa kaɗan har yanzu suna tashi a wajen bukukuwa a Amurka. Ɓangaren gwamnatin tarayya kuwa ya yi amfani da Ilyushin 28 ƙirar Rasha, kuma in kana son ganin jirgin jefa bom da idonka ba tare da fasfo ba, akwai ɗaya a ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia a Jihar Abiya. Sai dai shi ba ya tashi.

Saboda haka Malam, ka koma majalisa ka ce musu Blenheim ɗaya, Hurricane shida, Satumba 1940. In kuma akwai sauran abin da tsoho ya faɗa muku, ko nawa ake biyansu a yini, ko wane ne shugaban leburorinsu, ko yadda suke kawo mai filin, ko kuwa a cikin dattawan Achika akwai wanda ya ji irin wannan daga bakin nasa mahaifin, to ka zauna da su ka rubuto mana, za mu karanta a wannan fili. A gaida mutanen majalisa, har da yaron mai waya. Sai mako mai zuwa, wassalam.